Apache 2.4 da kulle fayilolin sirri: abin da na gani a aiki

Shekara uku ke nan ina kula da shafin intanet na wani kanti da ke kan sabar Apache 2.4, wato manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, kuma abin da ya fi burge ni game da wannan manhaja shi ne yadda take barin mutum ya kulle duk fayilolin da sunansu ya ƙare da wasu haruffa, da layi uku kacal. Na san darajar hakan ne ranar da na duba kundin ziyarar sabar, na tarar na'urori daga waje suna ta neman fayilolin sirri irin su .env da backup.sql ba dare ba rana, alhali akwai kwafin bayanan masu sayayya da na manta a cikin foldar shafin, wanda kowa zai iya saukewa.

A cikin .htaccess, wato fayil ɗin da ake rubuta wa Apache umarni a cikin foldar shafi, na sa umarnin FilesMatch da ke kama duk sunan da ya ƙare da .sql, .bak, .env ko .log, na rubuta Require all denied, wato a hana kowa, a ƙarƙashinsa. Ko sake tayar da sabar ban yi ba, sai ga shi duk mai neman waɗannan fayiloli yana cin karo da amsar 403, wato an hana shi shiga.

Sai dai akwai inda ta ba ni wahala. Idan an bar AllowOverride, saitin da ke ba .htaccess damar aiki, a kan None, wanda shi ne tsarinta na asali tun fitowar 2.4 a 2012, Apache ba ta ko kallon .htaccess, kuma ba ta gargaɗin kowa. Mutum zai saki jiki yana ganin ya kulle ƙofa alhali a buɗe take. Wannan shirun ne babban aibinta a wurina. Haka kuma tsofaffin bayanan koyarwa suna nan cike da umarnin Order da Deny from all na zamanin Apache 2.2, waɗanda ba sa aiki sai an kunna mod_access_compat, ɓangaren Apache da ke karɓar tsofaffin umarnin. Sannan Apache tana bambanta manyan haruffa da ƙanana, don haka .SQL zai wuce salin alin idan ba a sa (?i), alamar da ke cire wannan bambanci, a cikin FilesMatch ba.

Duk da haka ina ba masu ƙananan shafuka shawarar amfani da Apache, da sharaɗin su gwada buɗe fayil ɗin da kansu bayan sun rubuta umarnin, musamman idan Nginx, wata manhajar saba ta daban, ce ke gaban Apache tana miƙa fayiloli, domin ita ba ta karanta .htaccess sam. Kwafin bayanan kuwa tun a ranar na fitar da shi daga foldar shafin gaba ɗaya.