Faifan Blu-ray na Star Trek na Asali: Gyaran da Bai Binne Tsohon Aiki ba

Star Trek, shirin talabijin na almarar kimiyya kan tafiye-tafiyen wani kumbo mai suna Enterprise a sararin samaniya, ya fara fitowa a tashar NBC ta Amurka ranar 8 ga Satumba, 1966, ya kuma tsaya a 1969 bayan zango uku da kashi 79. Tarin faifan Blu-ray (faifan bidiyo mai tsabtar hoto) da aka fara fitarwa a 2009 ya ƙunshi dukansu, har da gwajin farko mai suna "The Cage", wanda tashar ta ƙi amincewa da shi a matsayin mafarin shirin. Ina ganin tarin ya cancanci kuɗinsa, amma ba don abin da aka fi tallata shi da shi ba.

A 2006, lokacin cikar shirin shekara 40, kamfanin CBS ya koma kan ainihin fim ɗin milimita 35 da aka ɗauki shirin da shi, ya tsabtace hoton, sannan ya maye gurbin tsofaffin hotunan kumbon Enterprise da na duniyoyi da sababbi na kwamfuta. Tsabtacewar ta yi kyau ƙwarai. Launin rigunan ma'aikatan kumbon ya fito rangadadau, haka ma hasken kore da shunayya da ake jefawa a bangon ɗakuna, wanda tsofaffin kaset suka dusashe. Sai dai tsabtar tana tona asiri, domin a wuraren faɗa mai kallo zai gane fuskar wanda ke tsayawa a madadin William Shatner, mai fitowa a matsayin Kirk shugaban kumbon, kuma kwalliyar fuskar Leonard Nimoy, mai fitowa a matsayin mataimakinsa Spock, tana bayyana fiye da yadda aka nufa.

Sababbin hotunan kwamfutar ne ban gamsu da su duka ba. A kashin "The Doomsday Machine" sun taimaka, domin yanzu ana gane inda kowane kumbo yake yayin artabu. A sauran wurare kuwa kumbon ya rasa nauyin da samfurin hannu na asali yake da shi, kuma aikin 2006 shi ma ya fara tsufa. Abin da ya ceci wannan tarin shi ne zaɓin da ya bar wa mai kallo: yana iya kallon kowane kashi da tsohon hoto ko da sabo, da tsohon sauti ko da wanda aka faɗaɗa.

Wanda zai koma ga shirin ya fara da "The Devil in the Dark" na 1967, wanda Gene L. Coon ya rubuta. Wata halitta mai suna Horta tana kashe masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, kowa kuma na neman a halaka ta, har sai da Spock ya dafa jikinta ya haɗa tunaninsa da nata, aka gano cewa uwa ce, kuma duwatsun nan masu kama da ƙwallo da masu haƙar ke fasawa ƙwayayenta ne. A wannan faifan ana ganin sarai cewa Horta mutum ne yake rarrafe a ƙarƙashin roba, amma kukan azabar da Nimoy ya yi a madadinta yana ratsa zuciya har yau. Haka ma "The City on the Edge of Forever", inda Kirk ya koma baya cikin zamani zuwa New York ta 1930, kuma dole ya bar matar da yake so ta mutu don kada tarihi ya karkace.

Zango na uku, wanda aka rage wa kasafin kuɗi, ya fi rauni, kuma "Spock's Brain" da ya buɗe shi babu gyaran hoton da zai ɗaga shi. Mai babban talabijin kuma ya sani cewa hoton mai siffar tsohon allo ne, don haka zai ga baƙi a gefe biyu, kuma daidai ne da aka bar shi haka ba a yanke shi don cika allo ba.