Atisayen yatsu huɗu ko bin sautuka biyar?

Matasa masu koyon gita a Yamai suna yawan tambayata: wanne ya fi saurin sakin yatsu, atisayen 1-2-3-4 ko bin sautuka biyar irin na kiɗan Abzinawa?

Na farko, wato 1-2-3-4, kowane yatsa da gidansa a wuyan gita (gida shi ne filin da ke tsakanin ƙarafa biyu, inda ake danna tsirkiya), ka bi tsirkiya shida ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsa babba shi ne ƙaramin yatsa, wanda yawancin ƴan koyo ke ɓoyewa, dole ya yi aiki. Sai dai ba daɗin ji, kuma akwai haɗari. Faɗin gidan farko ya kai kusan santimita 3 da rabi, na 12 kuwa kusan rabin haka, don haka a gidajen farko yatsu sun fi buɗewa. Wanda ya fara daga gida na 1 da ƙarfin tsiya, wuyan hannunsa zai yi tsami. Ka fara daga gida na 7, babban yatsa a bayan wuyan gita, ka riƙa komawa baya zuwa gida na 1 sannu a hankali. Da ka ji zafi, ka tsaya.

Na biyu, wato bin jerin sautuka biyar da ake gina kiɗan a kansu, ka kama daga gida na 5. Tun makon farko kunne zai ji abin da ya yi kama da waƙa, shi ya sa ba a gajiya da shi, ko a fada ana shan shayi. Illarsa, yatsu biyu ko uku kan ɗauke aikin duka, hannu ya saba da wuri guda.

Kuɗi kam, a cikin atisayen biyu babu wanda ke ci.

Mai gajen yatsu da mai haƙurin minti 10 kullum, na farko ya dace da su. Wanda ke saurin ƙosawa, ko yake son shiga kiɗan biki da wuri, ya kama na biyu, amma ya tilasta wa ƙaramin yatsa danna gida na 8.