Bas ko Jirgin Ƙasa: Lokacin da Aka Rufe Filin Jirgin Abuja

A ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja na tsawon mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkata jiragen zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin ƙasashen waje suka ƙi zuwa, Ethiopian Airlines kuwa ya yarda. Wanda ya sauka a Kaduna, manyan hanyoyi biyu ne a gabansa zuwa Abuja: bas ko jirgin ƙasa.

Gwamnati ta tanadi bas-bas kyauta, da rakiyar jami'an tsaro. Amfaninsu a fili yake: ka fito da akwatinka, ka shiga, babu sauyin mota. Amma tafiyar kusan kilomita 200 ce a kan hanyar da tun a lokacin ake fargabar masu garkuwa da mutane, ga tireloli jere a Tafa, ga cunkoson Zuba.

Jirgin ƙasa, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2016, ya fi kwanciyar hankali a lokacin, ba rami ba shinge. Sai dai ba ya jiran kowa. Jirgin samanka ya yi latti da rabin awa, shi ke nan, zaman tashar Rigasa da ke Kaduna ya kama ka. Kuma tashar Idu, inda jirgin ke sauke mutane a Abuja, ba cikin gari take ba. Sai ka sake neman tasi, ka yi ciniki da kaya a hannu.

A ganina mai kaya da yawa ko mai saukar yamma, bas ta fi masa a wancan lokacin. Jirgin ƙasa na wanda lokacinsa ya dace da jadawalin ne, su kuwa ba su da yawa.