Synology DS224+: akwatin ajiya mai kyau, in an iya kulle ƙofarsa

Masu fiton kaya a Apapa da ofisoshin mutanenmu na Agege da Idi-Araba, duk wanda ya gaji da yawo da filasha daga kwamfuta zuwa kwamfuta zai tarar da wannan akwati, wanda ke ajiye fayilolin ofis wuri ɗaya kwamfutoci su riƙa shiga ta netwok, a Computer Village, Ikeja. Ramin faifai biyu gare shi, injin Intel Celeron J4125, RAM 2GB da ake iya ƙarawa zuwa 6GB. Faifai biyu masu 4TB a SHR, tsarin Synology na haɗa faifai, za su ba ka kusan 3.6TB, domin ɗaya kwafin ɗaya ne. Ƙarfen ba shi da laifi. Inda aikin yake shi ne wa zai shiga, da kuma yaushe za a fitar da shi.

Manhajarsa DSM 7 tana zuwa a tsuke. Asusun admin da na guest a kashe suke, kai za ka ƙirƙiri naka. Ɓarnar tana farawa ne in mai haɗawa ya buɗe asusu ɗaya ya raba wa kowa kalmar sirri, daga Alhaji har yaron shago. Ran da fayil ya ɓace, rajistar akwatin suna ɗaya za ta nuna. A ba kowa nasa, a zuba su rukuni-rukuni, akanta ya iya rubutu a foldar kuɗi, sauran ko ganinta kada su yi.

Tabbaci na biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, yana aiki da manhajar waya ta Secure SignIn ko kowace manhaja mai ba da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Da agogo yake tafiya, don haka in lokacin akwatin ya kauce, lambar daidai ma sai ya ƙi ta. A saita shiyyar lokaci ta Najeriya, a kunna NTP mai daidaita agogo ta intanet. Amma ga aibin da ba a faɗa maka a kanti: wannan tabbacin shiga ta burauza yake tsarewa. Mai buɗe folda daga Windows ta SMB, hanyar raba fayiloli a netwok, suna da kalmar sirri kawai ake tambayarsa. Haka ma fitar da mutum da DSM ke yi bayan minti 15 ba motsi, foldar da aka riga aka haɗa ba ruwanta. Kwamfutar da aka bari a buɗe aka tafi masallacin Juma'a, a buɗe take.

Auto Block yana toshe adireshin kwamfutar da ta kuskure kalmar sirri sau 10 cikin minti 5. Rage shi zuwa 5 ya fi, sai dai a sa kwamfutar mai kula cikin jerin waɗanda ba a toshewa, kada mai gida ya kwana a waje.

Sai tsohuwar sikana da ta ƙi ajiye takarda a akwatin. Galibi tsohon SMB1 take nema ko NTLMv1, tsohuwar hanyar tantance kalmar sirri, DSM 7 kuwa ta kashe su tun daga masana'anta. Kada a yarda a kunna su. Ta SMB1 WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bi a 2017. A saita mafi ƙanƙanta SMB2, mafi girma SMB3, sikanar kuma a ba ta FTP, wata hanyar tura fayil, da asusun da folda ɗaya tak yake gani. In Windows ta kawo kuskure 1219, tana riƙe da haɗi da wani sunan ne: a buga net use * /delete, a goge tsohon suna a Credential Manager, a sake shiga.

Masu son kwamfuta ta ga akwatin kamar faifanta, SAN Manager na cikin DSM yana ba da irin wannan haɗin, mai suna iSCSI, ta kafa (port) 3260. A kunna CHAP, tantancewar suna da sirri ta iSCSI, sirrin ya zama harafi 12 zuwa 16, abin da Windows ke karɓa ke nan. Akwai wani zaɓi na barin haɗi fiye da ɗaya a lokaci guda. In faifan NTFS ne, wato tsarin Windows, kada a taɓa wannan zaɓin. Kwamfuta biyu za su riƙa rubutu kowace ba ta san da 'yar'uwarta ba, fayiloli su dagule. An yi zaɓin ne don irin VMFS na VMware, tsarin da kwamfutoci da yawa ke iya rubutu a kai tare.

Wutar Legas kuwa kowa ya san halinta. Tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto haɗi yana tsinkewa, in kuma ana cikin rubutu ne ta iSCSI, asara ce. DSM tana gane UPS ta USB, ta dakatar da aiki lafiya kafin batir ya ƙare. Rauta da suwic ma a ɗora su kan UPS ɗin, in ba haka ba akwatin na kunne amma ba mai isa gare shi.

Don shiga daga Kano ko daga gida, kada a buɗe kafa 445, 5000 ko 5001 ga intanet. QuickConnect, hanyar Synology ta shiga daga nesa, yana yi, sai dai yana jan ƙafa da manyan fayiloli in ya bi ta sabar Synology. Tailscale, manhajar VPN mai haɗa na'urori a ɓoye, yana cikin Package Center, inda ake sauke manhajojin DSM, kuma yana aiki ko a layin waya da ba ya ba da adireshin kansa.