Barkwancin jami'o'in Amurka: wane fim ya cancanci datarka?

Labarin waɗannan fina-finai kusan ɗaya ne: samari 'yan jami'a, gidan ƙungiyar ɗalibai, giya, 'yan mata, sai wani babba a makaranta da ya rantse zai kore su. Inda suka bambanta shi ne ingancin dariyar da yawan batsar da aka zuba. Makin masu sharhi a Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin fina-finai, ya fi auna dariyar, makin 'yan kallo kuwa sau da yawa kewar ƙuruciya yake aunawa. Batsar dai waɗannan makin ba sa auna maka ita.

Uban gidansu duka shi ne Animal House na 1978, wanda John Landis ya ba da umarni, John Belushi ya fito a ciki. Da kusan dala miliyan 3 aka yi shi, ya kawo sama da miliyan 140, kuma a 2001 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa don tarihi. A kansa bakin masu sharhi da na 'yan kallo ya zo ɗaya. Amma akwai tsiraici, da leƙen ɗakin 'yan mata ta taga, an mai da shi abin dariya.

Van Wilder na 2002 shi ne wanda aka fi raba gari a kansa. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, matasa kuma suka rungume shi a DVD har sunan jaruminsa Ryan Reynolds ya fita. Ni ina tare da masu sharhin. Fim ɗin da babbar dariyarsa ita ce ƙazantar kare da aka ɗura cikin kek aka kai wa abokan gaba suka ci suna santi, ai ba a sayen data dominsa. Revenge of the Nerds na 1984 ya fi shi muni: jarumin ya sa abin rufe fuska ya kwana da yarinya tana zaton saurayinta ne, fim ɗin kuma ya nuna hakan a matsayin nasara. Yau da yawa fyaɗe suke kiran abin, kuma sunansa ke nan.

Old School na 2003 tsaka-tsaki ne, Will Ferrell ne ya riƙe shi. Akasin Van Wilder kuwa shi ne Everybody Wants Some!! na Richard Linklater, 2016: masu sharhi sun yaba, sinima ta kasa mai da kuɗin da aka kashe. Hira ce zalla tsakanin 'yan ƙwallon besbol a Texas ta 1980. Mai neman ƙyaƙyatawa barci zai kwashe shi.

In ɗaya za ka zaɓa, ɗauki 22 Jump Street na 2014. Jonah Hill da Channing Tatum 'yan sanda ne da suka yi shigar ɗalibai, yawancin dariyar kuma a kan wautar abotarsu take. Ya haura dala miliyan 300, masu sharhi ma sun karɓe shi. Ashar dai tana nan birjik.

Duk waɗanda na lissafa suna da tambarin R, wato a Amurka wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba zai shiga. In ka ga an rubuta Unrated a jikin fayil, galibi an dawo da wuraren da aka yanke ne. Ka duba wannan kafin mai tura fina-finai ya loda maka a wayar da ƙannenka ke ɗauka.