Rijiyar mai ko fanel ɗin sola, wanne ya fi dawo da kuɗi?

Alhaji jiya da daddare ka tambaya, wai ka ji BP, kamfanin mai na Birtaniya, sun ja da baya daga harkar sola da iska sun koma haƙo mai, to kuɗin da kake shirin sakawa a sola a shagonka na Terminus ba asara ba ne kuwa? Bari in jera maka su kusa da juna.

Labarin BP gaskiya ne. A 2020 sun yi alkawarin rage man da gas ɗin da suke haƙowa da kashi 40 cikin 100 kafin 2030, da 2023 ta zo suka ce a'a kashi 25 dai, a Fabrairun 2025 kuma suka watsar da maganar gaba ɗaya, suka ce za su riƙa zuba kusan dala biliyan 10 duk shekara a mai da gas don su riƙa fitar da ganga miliyan 2.3 zuwa 2.5 a rana nan da 2030. Lissafin da su da bakinsu suka bayar a 2023 shi ne sola da iska na dawo da kashi 6 zuwa 8, mai da gas kuma 15 zuwa 20. Masu hannun jari kuwa ba ruwansu da wa'azi, riba suka zo ci.

Me ya sa ribar ta yi ƙasa haka? Gonar sola kuɗinta duk a farko ake kashewa, mafi yawa bashin banki ne, kuɗin ruwa kuma ya hau tun 2022, sannan kowa na iya shiga takara a karya farashi, ka sa hannu a kwangilar shekara 15 ko 20 kan farashi ɗaya, ba hawa ba sauka. Mai kuwa caca ce, a 2022 BP sun ci ribar sama da dala biliyan 27, amma a 2020 asara suka tafka, ga shi rijiya kullum raguwa take yi sai an ci gaba da ɗura mata kuɗi. TotalEnergies na Faransa dai ba su saki ko ɗaya ba, suna ƙara haƙo mai suna kuma ƙara lantarki.

Amma fa Alhaji kai ba da rijiyar mai kake takara ba, da janareta kake yi. Nan ne lissafin ya sha bamban kwata-kwata. Su suna sayar da wuta ne da araha a Turai da Amurka, kai kuma kuɓuta za ka yi daga sayen fetur, wanda kafin a cire tallafi a Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ribarka ita ce duk galan ɗin da yaronka bai ɗauka ya tafi gidan mai ba. Ɗauko littafin shago ka haɗa kuɗin fetur na wata uku da na baƙin mai da na mai gyara, ka raba kuɗin sola da abin da ya kama duk wata, watannin da uwar kuɗinka za ta dawo ke nan. Mu nan Jos ma ai samun wuta ba tare da mai ba ba baƙon abu ba ne, kamfanin lantarki na NESCO tun 1929 suke samar da wuta da ruwan Kurra saboda masu haƙar kuza.

Inda za ka iya ƙonewa wallahi batir ne, ni na saya mai araha a wani shago, ko shekara biyu bai yi ba ya kumbura kamar burodi. Fanel kan wuce shekara 20, batirin ruwa kuwa ƴan shekaru ne, na litiyom ya fi daɗewa amma da tsada, don haka saka kuɗin canjinsa a lissafi tun yanzu. Ga hadarin Agusta da sai a kwana biyu ba a ga rana sosai ba, ga ƙurar hunturu da sai yaro ya hau rufi da tsumma duk sati. Kar ka sayar da janaretan tukuna, kuma in firiza ce babban kayanka ka turo mini wat nawa aka rubuta a bayanta.