Dashen ɓargo a Indiya: aikin likitoci ya yi, amma kada mai zaman jinya ya tafi shi kaɗai

Tun da muka dawo Birnin Kebbi tambaya ɗaya nake amsawa, a gidan suna, a gidan biki, har a makarantar da nake koyarwa: "Malama, asibitin nan da aka yi wa yaronki dashen ɓargo, kina ba da shawara a je?" In aikin likita ake tambaya, e, a je. In kuwa yadda suke riƙe iyalin mara lafiya ne, to da sauran magana. Ba zan kama sunan asibitin ba. Babba ne, mai zaman kansa, a gefen Delhi.

Yarona sikila ne, SS. Duk uwar da ke da irinsa ta san zaman: folik asid da Paludrine kullum, hydroxyurea, ƙarin jini, da kwanan asibiti duk lokacin da hunturu ya shigo. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake ce wa TCD, wanda ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Likitan jini da ke duba shi a Sakkwato ne ya fara kawo zancen dashe, ya ce a yi wa 'yan'uwan yaron gwajin HLA, wanda ke nuna ko ɓargon wani ya dace da nasa. A nan mutanenmu ke yawan ruɗewa. Gwajin ba na rukunin jini ba ne, ba kuma na jinotayif ba. Kowane ɗan'uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar kashi 25 cikin 100 ya dace da shi cif. 'Yan uba kuwa, komai yawansu a gida, da wuya a sami wanda ya dace gaba ɗaya. Mu Allah ya sa ƙanwarsa ta dace. AS ce, kuma hakan bai hana ta bayarwa ba.

Kuɗi ta hannun dillali muka fara jin su, irin masu haɗa marasa lafiya da asibitocin Indiya ta WhatsApp. Ya turo farashi a dunƙule, sama da dala 20,000, ya ce komai da komai yana ciki. Lokacin kuma naira na gangarowa: dalar da ke wajen 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Gonar fadama ta tafi, sarƙoƙina sun tafi, dangi da abokan aikin Abban yara suka yi karo-karo. Sai da muka isa na karanta takardar asibitin da kaina, na ga "komai" ɗin yana da iyaka: adadin kwanaki a ɗakin dashe, adadin ledar jini, da magunguna na yau da kullum. Zazzaɓi ya yi tsanani aka koma maganin fangas mai tsada, wannan daban ne. Masauki, abinci, mota, da gwaje-gwajen bayan sallama, duk aljihunka. Ofishin kuɗinsu kuma ba ya duba halin da kake ciki. Ranar da yaron ya kasa haɗiye ko yawu, ranar aka bugo mini waya in sauko in ƙara kafin alƙalami. Ba su yi mana ƙarya a rubuce ba, rasit ɗinsu dalla-dalla yake. Dillalin ne ya share wurin da ya kamata ya tsaya, shi kuwa asibitin ne ke biyansa la'ada.

Sashen dashen kansa ban ga abin kushewa ba. Ɗaki ɗaya mara lafiya ɗaya, iskar ɗakin ta cikin matata take shigowa, taga ba ta buɗuwa. Kafin ka shiga sai ka cire takalmi, ka wanke hannu har gwiwa, ka sa riga da hula da takunkumi. Wayata ma sai an goge ta. Suka sa masa wata roba a ƙirji wadda ta shiga babbar jijiya, ta nan ake ɗibar jini, ta nan ake ba da magani, ya huta da neman jijiya da allura wanda ya saba yi wa kuka tun yana goye. Sannan aka shiga ba shi kemo mai ƙarfi, wanda aikinsa shi ne ya kashe ɓargonsa na asali don a sami wurin sabo. Ranar dashen suna ce mata rana ta sifili, daga ita ake fara ƙirga. Na zaci tiyata ce. Ashe leda ce kawai aka rataya, ja kamar ta ƙarin jini, tana ɗiga, shi kuma yana kallon katun.

Wuyar tana bayan nan. Tsakanin mutuwar tsohon ɓargo da kamawar sabo, wanda yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, yaro ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan. Gashi ya zube, baki da maƙogwaro suka yi gyambo, zazzaɓi ya zo. Kowace safiya nas takan rubuta adadin fararen ƙwayoyin jininsa a allon bango, ni kuma in na farka, kafin in yi salati idona yana kan allon nan. Nas-nas ɗin, yawancinsu 'yan jihar Kerala, sun san aikinsu. Ko ƙarfe uku na dare ka danna ƙararrawa, kafin ka sauke hannu an shigo. Babbar likitar ba ta da yawan fara'a, amma ba ta taɓa ɓoye mini komai ba. Ita ta zaunar da mu ta ce a yara masu ɗan'uwa da ya dace cif, sama da kashi 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon, amma akwai waɗanda jikinsu ke ƙin ɓargon, akwai waɗanda sabon ɓargon ke juyowa ya yaƙi fata da hanji da hanta, abin da suke kira GVHD, akwai kuma waɗanda ba sa fitowa. Ta ƙara da cewa kemon yana iya hana shi haihuwa. Abban yara ya yi shiru har muka koma masauki.

Inda asibitin ya gaza shi ne mai zaman jinya. Mutum ɗaya suke bari a ɗakin, kujera ɗaya mai miƙewa, kuma ba ka fita yadda ka ga dama, don kada ka kwaso wani abu ka shigo da shi. Kai ne mai auna fitsari, kai ne mai kurkure masa baki sau da yawa a rana yana ture ka, kai ne mai lallashi. Babu wanda ya taɓa tambayata ko na yi barci. A takardar tallarsu akwai mai ba iyali shawara, na gan ta ranar da muka zo, ban ƙara ganinta ba. Bizar jinya ta Indiya tana ba da damar masu rakiya biyu, amma dillali ya ce mutum ɗaya ya isa, don haka da ƙanwar ta warware Abbansu ya dawo da ita gida saboda makaranta da aikinsa. Da mura ta kama ni aka hana ni shiga ɗakin, kuma daidai ne a hana ni. Yaron ya kwana da nas, ni na kwana a masauki ina kallon waya. Duk mai shirin tafiya ya sa kuɗin mutum na biyu a lissafi tun farko, ko gwaggo ce ko kawu, wanda zai iya karɓarka.

Tafinta ma haka. Suna da ɗan Hausa guda, yaron kirki, amma da safe kaɗai yake zuwa. Wata baiwar Allah daga wajen Talata Mafara da ke ɗakin kusa da mu ba ta jin Turanci, dare ya yi sai nas ta bugo mini waya in fassara. Na kuma lura in magana ta yi nauyi, irin ta haihuwa ko ta mutuwa, kunya takan sa tafintan ya sassauta ta. A wurin da za ka sa hannu a takardar yarda, sassauci cuta ne.

Ita mai bayarwar, wadda kowa ke mantawa da ita, sun kula da lafiyarta sosai. An sa ta barci, aka zuƙi ɓargon ta bayan ƙashin ƙugu da allura, washegari tana takawa tana ɗingishi kaɗan. Kakarsu ce ta fi kowa tsorata. Ta bidiyo ta ce mini, "Ke ɗiyata, in sun kwashe ɓargon ƙashinta, da mi za ta tahiya?" Na roƙi wani ƙaramin likita, ya tsaya ya yi mata bayani ina fassarawa, cewa kaɗan ake ɗiba kuma jiki yana mayar da shi cikin 'yan makonni. Inna ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Wannan minti biyar ɗin da ya ba mu ya fi mini duk furannin da ke harabar asibitin.

Abinci sai haƙuri. Wake-wakensu da gurasarsu da yaji, yaron da bakinsa ke ciwo ko kallo bai yi musu ba. Na zo da kilishi, daddawa, busasshen kifin Yawuri da garin kunu. Mai kula da abinci ta hana kilishi da kifin da daddawa, ta hana ɗanyen ganye da nonon da ba a dafa ba. Ta yarda da kunu da shinkafa mai laushi, in dai an dafa su sosai an kawo da zafinsu a kula mai tsabta. Kunun nan shi ya riƙe shi. Masaukin da dillali ya kama mana kuwa kicin ɗaya ne ga iyalai da yawa, bangon banɗaki duk danshi, ga yaron da aka ce ya guji fumfuna. Bayan sallama dole a zauna kusa da asibiti har wajen kwana 100, don haka muka nemi wani da kanmu. A kuma duba lokacin tafiya: daga Nuwamba hayaƙi yakan rufe Delhi har ka ji shi a maƙogwaro. Mai salla ya tuna alƙibla a can yamma take.

Bayan dawowa ne za ka san ko asibiti ya damu da kai. Saƙon da a da ake amsawa nan take ya koma sai an kwana biyu. Yaron yana shan cyclosporine, maganin da ke danne garkuwa, kuma sai an riƙa auna yawansa a jini. Ban sami inda ake wannan awon kusa da mu ba, sai dai a aika jinin nesa. Ga sauro, ga zazzaɓin da a wurinsa ba a jira sai gobe. Likitanmu na Sakkwato shi ya ɗauki nauyin, don haka kada kowa ya tafi bai shirya da likitan gida ba. Rigakafin yara ma sabo ake farawa, kamar jariri.

Wanda bai riga ya biya ba ya fara tambaya a gida. Asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a Najeriya tun 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, kuma a 2024 asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tare da gidauniyar sikila ta Najeriya suka fara nasu. Ko ba komai, in a Legas ne gwaggo tana iya hawa mota ta zo ta karɓe ka.

Yanzu in an gwada jininsa AS yake nunawa, irin na ƙanwarsa, ciwon ƙashi kuma bai dawo ba, alhamdu lillahi. Amma dashen bai canja abin da zai gadar ba: in Allah ya ba shi haihuwa, S zai ba kowane ɗa. Likitar ta rubuta haka a rahoton sallama, na sa Abbansu ya ajiye shi tare da takardun gida, saboda ranar da za a je gwajin aure.